Layin da Yatsa Ɗaya Ya Bar Min

Ni ban gaji ko ƙusa ba. Karatuna ya tsaya a aji huɗu na sakandare, ba kuma wanda ya ce in koma. Na fara walda da wani mataccen inji da aka jefar bayan shago. Na kwance shi, na sake naɗa wayarsa da hannuna, har ya kawo wuta. Daga rumfar kwano uku na kai ga ma'aikata mai mutum goma sha tara. Gidan da nake ciki ni na zana shi a bayan takardar siminti, ni kuma na ɗora ƙarfen rufinsa. 'Ya'yana biyar ne, huɗu sun gama jami'a, autar tana ciki. Gadajen babban asibitinmu, da sandunan rataya ƙarin ruwa, da ƙofar ƙarfen ɗakin magani, daga hannuna suka fito. Ban taɓa tsayawa a ƙofar ofishin kowa ina jiran alfarma ba.

Ban jero wannan don a tafa min ba. Na jero ne don a san nauyin abin da zan faɗa. A shekara sittin da ɗaya da na yi a duniya, mutum ɗaya ne zan iya cewa ya taimake ni, kuma ranar Talata, tara ga watan nan, wajen ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi abinsa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Likita ne a sashen gaggawa, inda ake kai wanda mota ta buge da wanda ciwo ya taso wa farat ɗaya. Shekarunsa arba'in da bakwai. Ya bar mahaifiya da mata da 'ya'ya uku. Daga mai gadi har shugaban asibiti, Yatsa Ɗaya ake ce masa, kuma da shi zan kira shi a nan, don ko matarsa na ji da shi take tsokanarsa.

Ga inda sunan ya samo asali. Kafin zuwansa, idan aka kawo mutum yana nishi, nas za ta tambaye shi, daga ɗaya zuwa goma ciwon nawa ne. Wanda ya haura bakwai sai a yi masa babbar allura, wato dangin mofin, wadda ke kwantar da mutum gaba ɗayansa. Shi da ya zo bai soke lissafin ba, amma ya sa wata tambaya a gabansa: "Nuna min da yatsa ɗaya." Yakan ce ciwon da yatsa zai iya nunawa yana da adireshi, kuma mai adireshi ana bin sa har ƙofar gida a kashe shi a can. Ba a ɗauke wutar gari don kwan fitila ɗaya yana tartsatsi. Idan kuwa mutum ya shimfiɗa tafin hannu duka, ya kasa tsayar da yatsa, to wannan wata magana ce daban, ita ma yana da amsarta.

Yanzu zan faɗi yadda aka yi na faɗo hannunsa, kuma zan faɗa yadda yake.

Shekara bakwai da suka wuce, wata ƙofar ƙarfe da muke ɗagawa ta suɓuce ta danne ni. Haƙarƙari uku suka karye, baya ya bugu. Aka kai ni sashen gaggawa, aka yi min babbar allura. Ba na zargin wanda ya yi min ita, ranar ta dace da ni. Haƙarƙarin suka warke a wata biyu, amma bayan ya ƙi saki. Na koma aka sake yi min. Na sake komawa. Kafin shekara ta zagayo na haddace karatun wurin: in an tambaye ka ka ce goma, ka ce sauran magungunan ba sa karɓar ka, ka kuma san ranar da kowane likita yake aiki don kada fuska ɗaya ta gaji da kai. Ni kuma ina da abin da sauran ba su da shi. Ni ne mai gadaje. Sai in shigo da tef da sifana kamar na zo duba kaya, in ɗan taɓa ƙafar gado biyu, sannan in dafe ƙugu. Ba a sa ni layi. Tsakanin allura da allura kuma akwai ƙwayoyi na wannan dangi, a cikin akwatin sandunan walda nake ɓoye su.

Shekara uku ina haka, kuma a duk tsawon lokacin ban taɓa ɗaukar kaina cikin masu shaye-shaye ba. A ganina su ne waɗanda ke zube a bakin kwata. Ni mai ma'aikata ne mai ciwon baya. Uwar 'ya'yana ce kaɗai ta taɓa min magana. Wata Litinin ina ɗaura agogo ta ce, "Kai da kake cewa ba ka roƙo, me kake zuwa yi asibiti duk mako?" Kwana biyu ban yi mata magana ba.

Wata Laraba da hantsi na shiga kamar kullum, na tarar da sabon likita, siriri, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da filasta. Babbar Sista, wadda ta fi kowa daɗewa a sashen, ta gabatar da ni a matsayin mai ƙera musu gadaje. Ya ce, "A'a, Injiniya ne da kansa." Ba ni da takardar injiniya, ya kuma sani, amma har ya koma ga Allah bai kira ni da wani suna ba. Na hau gado na ce masa goma ne.

Ya ce, "Ban tambaye ka lissafi ba tukuna. Nuna min da yatsa ɗaya."

Na shafa bayan duka daga kafaɗa zuwa ƙugu. Sai ya kama hannuna, ya lanƙwashe yatsu huɗu kamar mai koya wa jariri ƙirga, ya bar manuniya a tsaye. Ba yadda na iya, na kai shi wurin, gefen hagu, ɗan sama da ƙugu. Ya danna da babban yatsansa, na zabura har tef ɗina ya faɗi. Ya ce, "Ga ɓarawon nan. Nama ne ya ƙulle, kamar igiya. Ƙaramar allura zan sa masa a nan, irin ta masu cire haƙori."

Na ce na san abin da ke min aiki, a yi min shi in tafi. Ya ce a'a, cikin ladabi. Na ɗaga murya, na ce, "Yaro, gadon da kake jingine da shi, na ƙera shi kana zaune a benci kana haddar sunayen ƙasusuwa."

Ya ce, "Yauwa. Dama gadon nake son mu yi magana a kai. Sauko mu gani."

Sai an san wani abu game da ni kafin a gane abin da ya biyo baya. Ina da tambari na ƙarfe mai ɗauke da sunana da nake bugawa a ƙasan ƙafar hagu ta gado, kuma ba na buga shi sai a kan abin da na yi wa walda da hannuna. Aikin ma'aikatana yana fita da lambar ma'aikata kawai. Duk garin an san wannan, don ni na yi ta yaɗa shi. Layin da wuta ke bari inda ƙarfe biyu suka haɗu, mu ɗinki muke ce masa, kuma ɗinkin mutum kamar rubutun hannunsa ne.

Ya kai ni gado na biyu, ya durƙusa a ƙasa da farar rigarsa, ya sa ni ma na durƙusa. Ɗinkin ƙafar a jere yake, lumui, kamar sabon kitso. Tambarina yana ƙasa. Shekararsa tara. Sai ya kai ni bayan labule, inda aka jingine wani gado a bango. Ɗinkinsa kamar sawun kaza a kan ɗanyen siminti, nan tudu, nan rami, ga tsaga ta bi ta tsakiya. Na buɗe baki zan ce aikin ma'aikata ne, sai na ga ya sa yatsa ɗaya a kan tambarin. Na bara ne.

Ya ce, "Ranar Asabar ƙafar ta lotsa da wani dattijo a kai. Sista ta tare shi, bai faɗo ba. Ni ban san walda ba, Injiniya, amma na san hannu. Hannun da ya yi wancan ba shi ya yi wannan ba, kuma mutum ɗaya ne. Me ya shiga tsakani?"

An zage ni a rayuwa, an cuce ni, an taɓa ƙona min rumfa. Ba abin da ya taɓa shiga jikina kamar wannan tsagar. Na tashi na koma gadon da na sauko, na ɗage riga. Ya sa ƙaramar allurar, na ji naman ya yi tsalle ya saki. Bayan minti goma ya jefar da tef ɗina ƙasa da gangan ya ce in ɗauko. Na sunkuya na ɗauko. Rabon da in sunkuya haka ba tare da dafa gwiwa ba, shekara uku.

Kada wani ya ɗauka nan labarin ya ƙare. Shi ma bai bar ni na ɗauka haka ba. Ya ce min bayan abu ne mai sauƙi, gashi da motsa jiki da ƙananan magunguna biyu za su riƙe shi. Babban aikin shi ne jikina ya saba da abin da nake ba shi, kuma in na yanke rana ɗaya zai kayar da ni. Ya haɗa ni da wata likita a bene na sama, wadda aikinta ke nan, ta tsara min ragewa kaɗan-kaɗan. Mako goma sha ɗaya aka yi. Na yi gumi kamar an watsa min ruwa, na yi hamma har muƙamuƙi ya yi tsami, cikina ya lalace, ƙafafuna suka ƙi zama wuri ɗaya. Na kori mutum biyu daga aiki ba laifin komai, daga baya na aika aka dawo da su.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ni na fitar da kaina, kamar yadda na yi komai. Ga abin da ya sa na daina faɗin haka. A mako na biyu Yatsa Ɗaya ya kira ni a waya ƙarfe takwas na safe, ya ce yana da matsala. Akwai wata na'urar hoto da yake ɗorawa a fata ya ga jijiya kafin ya sa allura, kuma ba ta da keken da za a tura ta tsakanin gadaje. Ko zan iya? Na ce in ban iya ba wa zai iya. Na ƙera na kai. Ya ce ya yi tsawo. Na rage. Ya ce tayar tana ƙara, za ta tayar da marasa lafiya. Na sauya. Ya ce yana son aljihun safar hannu a dama, da na sa sai ya ce ashe hagu ya fi. Kullum ƙarfe takwas wayata za ta yi ƙara, daidai lokacin da na saba buɗe akwatin nan. Keke huɗu na yi masa. Na zage shi a zuciyata ba adadi, na ce ban taɓa ganin mutum mai tsirfa irinsa ba. A na huɗun ya durƙusa ya daɗe yana kallon ɗinkin, ya miƙe ya ce, "Buga tambarinka."

Sai bayan shekara biyu Babbar Sista ta gaya min, tana dariya har da riƙe ciki, cewa na'urar da kekenta ta zo daga kamfani. Likita ne ya sa aka kai keken sito aka rufe da zanen gado.

Gadajen da na yi a waɗancan shekaru uku, guda goma sha huɗu ne masu tambarina. Na ɗebe su ɗaya-ɗaya da sunan fenti, na yanke ɗinkin na sake. Ya sani, bai kai ƙarata ko'ina ba, amma sai da ya bi ƙafar kowanne da idonsa kafin a ɗora mutum.

Saboda kai da kawon keken nan na ga aikinsa da idona, ba labari aka ba ni ba. Na ga an kawo wata tsohuwa da ƙashin ƙugu a karye, tana ihu har waje. 'Ya'yanta suna cewa a yi mata allurar barci. Ya turo kekena, ya nemo jijiyar a matsematsinta, ya zuba maganin a gefenta. Kafin rabin awa tsohuwa ta daina ihu, idonta tar, tana yi wa babban ɗanta faɗa a kan ya fito da ita ba ɗankwali. Ya ce da su, "Da na yi mata waccan, da yanzu ba ta san sunanku ba, ga numfashi muna gadi. Ku zaɓa, faɗa ko shiru." Ɗan ya ce a bar musu faɗan.

Na ga wani direban babbar mota, ƙato, kafaɗarsa ta goce, yana rantsuwa ba mai taɓa shi sai an sumar da shi. Likita ya zauna a kujera gabansa, ya ɗora hannun mutumin a kan tasa kafaɗar, yana murza naman wuyansa a hankali yana tambayarsa yadda ake sauka gangare da kaya in birki ya yi zafi. Direba ya shiga bayani, har yana gyara masa kuskure. Yana cikin cewa ai giyar mota ake saukewa, sai muka ji ƙwas. Ya tsaya, ya juya hannun, ya ce, "Kai, Likita, wannan ai yaudara ce." Ya ce, "Ƙwarai. Kai ƙara."

Yana da iskar da ake shaƙa a ɗinke rauni, yana da ruwan da ake ɗaura wa mai tsakuwar ƙoda, yana da ƙanƙara da ruwan zafi da karan ɗori. Amma ya kamata a rubuta cewa bai taɓa haramta babbar allura ba. Na ga ya yi wa wanda ya ƙone, da hannunsa, ba jinkiri, ya kuma tsawata wa wani sabon likita da ya tsaya taƙama da ƙa'ida mutum yana murƙususu. Cewa yake ita babbar guduma ce, kuma ba a raina guduma, sai dai ba a gyaran agogo da ita.

Bai sha yabo kawai ba. Masu irin halina na da sun sa masa suna likitan rowa. Wani ya taɓa fasa masa tabarau tun farkon zuwansa, shi ya sa filastar. Wasu abokan aikinsa sun ce yana jawo dogon layi, don tambayar yatsa da neman jijiya sun fi cika sirinji cin lokaci. Gaskiyarsu ce, sun fi. Bai yi musu ba, sai ya koya wa nas-nas tara da likitoci shida, don kada a ce sai shi.

Akwai littafi. Ranar da ya durƙusar da ni gaban gadon nan, kafin in fita, ya buɗe wani sabon littafi mai shuɗin bango. Ya ce yana son ya riƙa rubuta duk wanda ya shigo ya riga ya saba da allurar, da abin da aka yi masa, da yadda ya ƙare, don wata rana za a tambaye shi hujja. Ni ne na farko. Ya ɗora biro ya ce, "Suna?" Na ce ko kusa. Ya ce sana'a fa? Na ce masu gadaje nawa ne a garin nan? Rubuta wani mutum. Bai rubuta wani mutum ba. Ya sa kwanan wata, ya sa baya gefen hagu, ya tsallake gurbin sunan. Ya ce, "Zan bar maka layin. Ba ya ruɓewa." Duk shekara yakan tuna min sau ɗaya, cikin wasa, ni kuma in sauya magana.

Likita, bari in juyo gare ka. Watanni biyar da suka wuce na ga rigarka ta yi maka yawa, na ce ka daina wasa da abinci, ka ce min sabon yayi ne. Ashe ciwon daji ne a hanta, ka kuma riga ka karanta hotonka da kanka. Na zo duba ka ranar Lahadin ƙarshe da la'asar. Na tarar an kwantar da kai a gadona, na duba ƙafar kafin in gaishe ka, ka gan ni ka yi murmushi. Ruwan da ke shiga hannunka, Sista ta riga ta gaya min abin da ke ciki, babbar allura ce. Ka ga inda idona ya tsaya, ka ce, "Nan ne wurinta, Injiniya. Don irin yau muke adana ta." Ni ba mutumin zaman jinya ba ne, sai na ce maka, "Nuna min da yatsa ɗaya." Ka ɗaga hannu a hankali, ka buɗe yatsu biyar, ka shimfiɗa tafin a kan cikinka. Ni da kai duk mun san fassarar. Muka koma maganar tayar keke, wai ta baya ta fara ja gefe.

Na gyara tayar ranar Litinin. Ranar Talata aka kira ni. Ban yi kuka ba, ba halina ba ne. Na kashe inji, na sallami ma'aikata, na tafi aka yi maka sutura da ni.

Abin da ya sa na ɗauki biro, ni da ban saba rubuta abin da ya wuce awon ƙarfe ba, shi ne wannan. Ranar Alhamis ta sama kwamitin asibiti zai zauna a kan tsarin da ya bari. Wani sashe yana neman na'urar hoton, ana kuma maganar a koma tambayar ɗaya zuwa goma don layi ya yi sauri. Sabon shugaban sashen ba mugu ba ne, na zauna da shi. Ya ce min masu karaya da masu gocewar kafaɗa za su zo su yi godiya, amma wannan ba zai ishi kwamiti ba, don za a ce ai babbar allura ma tana kashe ciwo. Abin da zai tsayar da tsarin shi ne a nuna mutanen da allurar ta kama aka kuma ƙwato su. Ya buɗe min littafin shuɗi. Layi arba'in da uku. Gurbin suna fari fat tun daga sama har ƙasa. Ashe duk wanda ya zo bayana, in an ce suna, sai ya leƙa ya ga na farko bai bayar ba, shi ma ya noƙe. Ya ce, "Kwamiti zai ce wa ya san ko mutanen nan akwai su?"

Wato ni na fara wannan ɓarna, ban sani ba. Na ɗauka sunana kawai na ɓoye.

Na san abin da wannan takarda za ta jawo min. 'Ya'yana a nan za su fara jin cewa ubansu, wanda ya hana su ko lemon kwalba da yawa, ya yi shekara uku yana ɓoye ƙwaya a akwatin aiki. Surukaina za su karanta. Asibiti zai ji labarin gadaje goma sha huɗu, kuma in sun ga dama su ba wani aikin, ba zan ce sun zalunce ni ba. Na karanta wa uwar 'ya'yana kafin kowa. Ta saurara har ƙarshe tana tsince zare a bakin mayafi, ta ce, "Sai yanzu?" Sannan ta ce in gyara wurin da na ce kwana biyu ban yi mata magana ba, wai huɗu ne. Na bar shi a biyu, amma ga nata na faɗa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa. Mama, kin haifi ɗa, kin kuma yi tarbiyya, Allah ya ba ki haƙurin da ya fi wannan rashi girma. Ina yi wa matarsa da 'ya'yansa uku ta'aziyya, Allah ya zama gatanku, ya raya ku a kan halinsa. Ƙofar ma'aikatata a buɗe take gare ku ko ina raye ko ba na nan, na riga na gaya wa babban ɗana. Ina yi wa Babbar Sista ta'aziyya, da duk ma'aikatan sashen gaggawa, waɗanda suka koyi tambayar a bakinsa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya yalwata kabarinsa ya haskaka shi. Yadda ya bi ciwon bayin Allah har inda yake ya sauƙaƙa musu, Allah ya sauƙaƙa masa tambaya da hisabi, ya sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, ya sa aljanna ce makomarsa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Saura abu ɗaya, kuma ba roƙo nake ba, don ban iya ba. Haƙƙina ne, shekara huɗu yana ajiye. A ɗauko littafin shuɗi, a buɗe shafin farko, layin farko, inda aka rubuta baya gefen hagu. A sa sunana a gurbin, cikakke, da na mahaifina, da sana'ata, da biro mai kauri yadda na layi na biyu zai gani daga nesa. Ranar Alhamis zan zo da kaina in tsaya gaban kwamiti, ba da tef ba, ba da sifana ba. Wanda kuma aka ba aikin rubutawa, in bai san yadda ake rubuta sunan ba, kada ya tambayi kowa. Ya durƙusa gaban gado na biyu, ya duba ƙasan ƙafar hagu, ya kwafa.